Yadda ake gano sensar iskar taya da ta mutu a tsohuwar mota, da yadda ake canza ta

Duk mai tuƙa Camry ko Corolla ko Accord 'yar Kwatano a garin Sakkwato ya san fitilar nan ruwan ɗorawa mai kama da tukunya, da alamar motsin rai a tsakiyarta, wato fitilar gargaɗin iskar taya. A motoci da yawa takan shekara tana ci har mai motar ya daina ganinta. Wasu su liƙe ta da baƙin salatif, wasu su sa mai wayarin ya kashe ta daga ciki. In ka tambayi mai faci, abin da za ka ji bai wuce: "Alhaji, wagga hitila ba komi ba ta, haka duk motocin Amurka suke."

Ban yarda da wannan magana ba. Daga Maris zuwa Mayu zafin garin nan yana haura digiri 40, na kwalta kuwa ya fi haka nesa ba kusa ba. Tayar da iskarta ta yi ƙasa gefenta yana lanƙwasa a duk juyin da ta yi, lanƙwasar tana ɗora mata zafi a kan zafin hanya, har robar ta rabu da wayoyin da ke cikinta. Haka taya ke fashewa da azahar tsakanin Kwannawa da Talata Mafara, mota cike da iyali. Irin wannan asarar rayuka ce ta haifar da na'urar tun farko. Bayan haɗurran tayoyin Firestone a motar Ford Explorer, majalisar Amurka ta yi doka a 2000, kuma daga Satumban 2007 ya zama dole duk sabuwar ƙaramar mota a can ta fito da abin da ake kira TPMS, wato na'urar lura da iskar taya. Turai ta bi sahu daga Nuwamban 2014. Don haka in motarka ta fito daga Amurka, ƙirar 2008 zuwa sama, tana da ita.

Matsalar tsofaffin motoci a batir take. Kowace sensa, wato ɗan abin da ke auna iska a cikin taya, tana da ɗan batir da aka rufe ruf a cikinta, yakan yi shekara 5 zuwa 10. Motar 2009 ko 2012 ta riga ta wuce wannan wa'adin, zafinmu kuma ba ya ƙara wa batir kwana.

Fara da sanin irin wadda ke motarka

Iri biyu ne, kuma rashin bambance su yana sa mutum ya sayi abin da motarsa ba ta da wurin sa shi. Iri na farko yana da sensa a cikin kowace taya, ɗan baƙin akwatin roba ne manne da gindin bawul daga ciki. Tana auna iska ta aika wa motar saƙo ta rediyo. Camry daga 2007, Corolla daga 2009 da Accord daga 2008 zuwa 2012 na Amurka duk haka suke. Iri na biyu babu komai cikin tayar, motar tana amfani da sensocin ABS ne, wato na'urar da ke hana ƙafafu kullewa in an taka birki, ta lura da saurin juyawar ƙafafu, tunda tayar da ta yi laushi takan ɗan ƙanƙance ta riƙa juyawa fiye da sauran. Accord daga 2013 da yawancin Volkswagen na wannan layin ne. In motarka irin ta biyu ce, babu sensar da za ka canza a taya. Ka daidaita iska, ka danna maɓallin saiti, in fitilar ta ƙi mutuwa a duba ɓangaren ABS.

Tsuguna ka dubi bawul. In na ƙarfe ne fari da noti a gindinsa, kusan tabbas akwai sensa a bayansa. Na roba kuwa ba ya nuna komai, don akwai sensocin da ake ɗaura wa bawul na roba, akwai kuma tayar da wani mai faci ya karya sensarta shekarun baya ya jefar, ya sa bawul na gama-gari. In ka ga uku na ƙarfe ɗaya na roba, ka kusa gano inda ciwon yake.

Abin da fitilar ke faɗa

Murɗa makulli ka zuba mata ido, kada ka yi gaggawar tayar da inji. In ta kama ta tsaya cak, ba ta ƙiftawa, na'urar lafiyarta lau, tana gaya maka ne wata taya ta rasa iska. Ƙa'idar Amurka ita ce ta kama idan iska ta ragu da kashi 25 cikin 100, wato tayar da ya kamata ta riƙe psi 32 (psi shi ne ma'aunin iskar taya) ta sauka zuwa 24. Ido ba ya gane wannan a tayar zamani, bugun ƙafa ma haka. In kuma ta yi ta ƙiftawa kamar minti ɗaya zuwa ɗaya da rabi sannan ta tsaya, to na'urar ce da kanta ke da matsala, kuma galibi sensa ɗaya ce ta daina magana. Tsofaffin Honda suna da fitila ta daban mai rubutun TPMS don wannan. Sensar da batirinta ya fara rauni takan yi wasa da hankali: yau fitila ta ƙifta bayan ka yi tafiyar minti 20, gobe ta mutu, jibi ta dawo.

Ko da wacce ka gani, mataki na farko geji ne. Sayi naka ka ajiye a mota, don gejin bakin titi ya sha faɗuwa ƙasa, biyu ba sa ba ka lamba ɗaya. Buɗe ƙofar direba, a jikin ginshiƙin akwai takarda mai ɗauke da adadin iskar da kamfani ya ƙayyade, yawancin ƙananan motoci tsakanin 30 da 35 ne. Lambar da ke rubuce a gefen taya, 44 ko 51, iyakar abin da tayar ke iya ɗauka ce, ba ita ake bi ba. Na sha ganin an ɗura wa Corolla 50 ana cewa ai tafiya mai nisa za ta yi, wannan kuwa cinye tsakiyar taya yake yi ya rage kamun birki. Auna da safe kafin ka motsa, ko bayan motar ta huta awa 3 a inuwa. Tayar da ta dawo daga Birnin Kebbi da rana za ta nuna fiye da na safe, kada ka sace mata iska saboda haka.

Lokacin hunturu yana ruɗa mutane sosai a nan. Iskar taya tana sauka da kusan psi 1 duk lokacin da zafi ya ragu da digiri 5 zuwa 6. A Disamba da Janairu, tazarar sanyin asuba da zafin azahar ta isa ta rage psi 2 ko 3. Tayar da dama ta kusa kan iyaka sai ta kunna fitila lokacin kai yara makaranta, fitilar ta mutu da hantsi. Wannan sensar lafiya take, iska kawai za a ƙara. Kada ka manta da safaya, wasu manyan Toyota da Lexus masu cikakkiyar safaya suna da sensa ta biyar a cikinta, kuma ita ce wadda ba mai tunawa da ita.

In taya ɗaya ce ke ta sauka a hankali ba ka ga ƙusa ba, kaɗa ruwan omo ka zuba a bakin bawul da gindinsa. Kumfa a gindi yana nufin robar da ke toshe ramin ta bushe ta tsage. Wannan robar da notinta da tsakiyar bawul ana sayar da su daban, sensar ba ta buƙatar canji.

Gano wadda ta mutu

Iska ta daidaita, ka yi tafiya, fitila na nan tana ƙiftawa. Kafin ka kashe ko kwabo, zare duk abin da ke soke a wurin cajin mota. Ƙaramar caja mai araha ko inbata takan fitar da hayaniyar rediyo da ke danne saƙon sensa. In fitilar ta mutu bayan tafiya, ka huta.

In ba haka ba, sai a je wurin mai kwamfuta, amma ka tambaye shi tun a waya ko yana da na'urar TPMS, don ba kowace kwamfutar duba mota ke wannan aikin ba. Ita wannan na'urar ta hannu ce, ana kara ta a gefen taya daidai bawul, ta tashi sensar daga barci, sensar ta amsa. A allo za ka ga lambar shaidarta, yawan iska, zafin cikin taya da halin batir. Tsaya kusa ka gani da idonka, taya bayan taya. Wadda aka gwada sau biyu ko uku ba ta amsa ba, a ɗan tura motar gaba a sake, a sace iska kaɗan a sake. In ta yi shiru har yanzu, ta mutu ko babu ita a ciki.

In kwamfutar da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari kawai yake da ita, aikin zai yiwu da ɗan haƙuri. A Toyota, lambobin C2121 zuwa C2124 suna nufin motar ta daina jin ɗaya daga cikin sensocin huɗu. Sai dai ba za ta gaya maka ta gaba ce ko ta baya ba, tunda an sha juya tayoyin. Dabarar ita ce a buɗe shafin da ke nuna iskar kowace sensa, a riƙa sace iska daga taya ɗaya ana kallon lambar da ta motsa. Tayar da aka sace wa iska babu abin da ya canza a allo, ita ce.

Akwai yanayin da ya kamata ka riƙe kuɗinka. In na'urar hannu ta ji duka huɗun amma motar ba ta jin ko ɗaya, sensocin ba su da laifi. Ko dai an taɓa canza rim ba a shigar da sababbin lambobin cikin kwamfutar motar ba, ko akwatin da ke karɓar saƙon, ko fis ɗinsa, ko wayarsa ne. Duk wanda ya ce ka sayi sensa huɗu bai gwada wannan ba, cinikinsa yake nema.

Sayen sabuwa

Nan ne aka fi yin asara. Motocin Amurka na wancan zamanin yawanci a zangon rediyo na 315 MHz suke magana, na Turai a 433. Sensar Camry ta Turai ko ta Dubai za ta zauna daram a rim ɗin Camry ta Amurka, amma motar ba za ta taɓa jin ta ba. Hanya mafi aminci ita ce a fito da tsohuwar a karanta abin da ke jikinta, lambar kaya da zangon duk suna nan. Na Toyota yawanci kamfanin Pacific na Japan ne ke yin su, akwai kuma na Schrader da Denso da Continental. Akwai irin su Autel waɗanda ake sayo su babu komai a ciki, mai na'ura ya ɗora musu bayanin motarka, har ya iya kwafe lambar tsohuwar ya zuba a sabuwar, motar ta karɓe ta ba tare da an taɓa kwamfutarta ba. In aka yi haka, a fitar da tsohuwar daga motar gaba ɗaya.

Ta Beljam da aka ciro daga wata mota ban ba da shawararta ba. Batirinta sa'an wanda ya mutu maka ne. In dole ce ta sa, a gwada ta da na'ura a gabanka kafin ka biya. Wasu masu gyara suna fasa jikin sensar su haƙe roban da ya rufe batir su liƙa sabo da dalma, kuma takan tashi. Amma abin da zai yi ta juyawa cikin taya mai zafi a kan hanyar Illela, liƙin hannu ba ya daɗewa, kuɗin buɗe taya kuma sau biyu za ka biya.

A canza ɗaya ko duka? In batir ne ya kashe ta, sauran ukun suna tafe, don rana ɗaya aka sa su. Mai hali ya canza duka, musamman ranar da zai sa sababbin tayoyi tunda dama za a buɗe. Wanda aljihunsa bai kai ba ya canza ɗayar, babu laifi a ciki.

Aikin kansa

Nemi mai faci mai injin cire taya. Guduma da liba sun kashe sensoci da yawa. Tun kafin ya taɓa ka gaya masa: "Malam, akwai sensa bayan wanga bawul, a yi mata a hankali." In ya yi maka kallon bai gane ba, nuna masa sabuwar ya riƙe a hannu ya ga inda take zama.

A tsayar da motar a shimfiɗaɗɗen wuri babu gangara, a ja birkin hannu, a sa dutse a tayar da ke ɗaya kusurwar. A sassauta notocin tun motar na ƙasa, a ɗaga da jak, a cire ƙafar. Ɗauki alli ka ja layi a gefen tayar daidai bawul. In tayar ta koma kan wannan layin, balansin ba zai gushe sosai ba.

A kwance tsakiyar bawul iska ta fita duka. A bawul na ƙarfe akwai dabara mai kyau: a kwance notin waje, a tura bawul ɗin ciki, sensar ta faɗa cikin tayar. Daga nan ko an matsa bakin tayar babu abin da zai same ta. In na roba ne, to a kafa bakin injin nesa da bawul, a gefe ko a ɗaya ɓangaren, kada a taɓa kafa shi a kansa. Wasu tsofaffin Ford sensarsu ba a bawul take ba, an ɗaure ta ne da ɗamarar ƙarfe a tsakiyar rim, daura da bawul ta ɗaya gefen, sai a kula da wannan. Sau da yawa ba sai an cire tayar duka ba, in bakin waje ya saki ana iya danna gefen ƙasa a sa katako ya riƙe, hannu ya shiga.

Ka karɓi tsohuwar sensar ka duba. Za ka ga ko a fashe take, alamar liba ce ta same ta, ko ta yi farin gari a wuya, alamar ƙarfen ya ci, ko kuma ɗan ramin da take shaƙar iska ya toshe da ruwan liƙe fanca da ake ɗurawa ta bawul. Wannan ruwan yana lalata sensa, a guje shi. A goge ramin rim ɗin da tsumma har ya yi sumul, ƙura da tsatsa a nan su ke kawo yoyo.

Kafin sabuwar ta shiga, ɗauki hoton lambar shaidar da ke jikinta da wayarka, ka rubuta tayar da aka sa ta. Da zarar an rufe taya ba ka sake ganinta. A sa sabuwar roba, kada a maida tsohuwa ko da ta yi kyau a ido. A zura bawul daga ciki, jikin sensar ya kwanta bin rim ɗin bai taɓa shi ba, a ɗaura notin da yatsu har ya kama sannan a ƙarasa. Ƙarfin ɗaurin kaɗan ne ƙwarai, a Toyota niyuton-mita 4 ne (ma'aunin ƙarfin ɗaure noti ke nan), wasu sun ɗan fi haka, takardar da ta zo da sensar za ta faɗa. Hannun da ya saba da notin taya zai murɗe wuyan alminiyan ɗin ya karye ko ya murƙushe robar. In babu sifana mai awo, a riƙe ƙaramar sifana kusa da kanta a ja da yatsu biyu. Mai bawul na roba kuwa ana shafa masa ruwan sabulu a jawo shi ta ramin har ya zauna, sannan a ɗaure sensar da ɗan sukurunta.

Abu biyu ƙanana da ke kashe bawul na alminiyan: tsakiyar bawul ta tagulla da murfin ƙarfe na ado. Tagulla da alminiyan in sun haɗu suna cin juna har su manne, ranar da aka zo kwancewa sai wuyan ya tsinke. A yi amfani da tsakiya fara mai rufin nikel wadda ta zo cikin kwalin, murfi kuma na roba. Kada a bar shi babu murfi, ƙurar hunturu tana shiga.

Wajen mayar da taya a shafa wa bakinta ruwan sabulu, ba baƙin mai ba, don mai yana cin roba. A lura kada bakin tayar ya hau kan sensar yana jan ta. A ba ta iska har baki ya zauna ka ji ƙarar nan biyu, kada a wuce psi 40 wajen zaunar da shi, kowa kuma ya janye fuska da yatsu. A sauko da iska zuwa adadin da ke jikin ƙofa, a zuba ruwan omo a gindin bawul, a kara na'ura a ji sensar ta amsa tun ƙafar na ƙasa. Sannan a mayar, a ɗaure notoci ɗaya a tsallake zuwa na daura da shi, ba bi da bi ba. Na Camry niyuton-mita 103 ne, tsalle a kan sifana ya wuce haka da nisa.

Sanar da motar

Sabuwar sensa baƙuwa ce, sai an gabatar da ita. A Toyota da Honda na wancan zamanin ana shigar da lambar ne ta kwamfuta, ta soket ɗin da ke ƙarƙashin sitiyari. Maɓallin SET na Toyota, wanda ke ƙasan sitiyari ko cikin akwatin gaban fasinja, ba ya shigar da sabuwar lamba. Aikinsa shi ne gaya wa motar cewa iskar da ke tayoyin yanzu ita ce daidai. Don haka sai an gama shigar da lambobi, iska ta daidaita a duka ƙafafu, sannan a murɗa makulli a danne shi har fitilar ta ƙifta sau uku. Danna shi kafin a shigar da lamba yakan sa kwamfutar ta maƙale tana neman sensar da babu, har sai an warware ta da na'ura. Danna shi tayoyi na da laushi ya fi muni, don ka koya wa motar cewa ƙarancin iska shi ne daidai. Motocin Chevrolet da Ford da yawa ana sa su a yanayin koyo ne, a bi tayoyin daga gaba ta hagu, gaba ta dama, baya ta dama, baya ta hagu, ham yana ƙara a kowace. Wasu motocin kuma da kansu suke koya in an yi tafiya.

Bayan haka ka hau hanyar bayan gari ka yi minti 15 zuwa 20 ba tsayawa, gudu sama da kilomita 40 a awa. Kashe motar, sake murɗa makulli. Fitilar ta kama da sauran fitilu ta mutu cikin 'yan daƙiƙu, aiki ya yi. In ta dawo da ƙiftawa, a fara duba lambar da aka shigar, harafi ɗaya in ya kuskure motar ba za ta gane ta ba, hoton da ka ɗauka a nan zai yi amfani. Washegari da safe a sake aunawa da geji, in tayar ta sauka, gindin bawul ne ke yoyo.

Wanda ya tarar an cire sensocinsa duka tun kafin motar ta zo hannunsa, kuma sayen huɗu ya yi masa nauyi, akwai ƙananan sensoci da ake murɗawa a bakin bawul a madadin murfi, da ɗan allo mai cajin rana da ake ɗorawa a gaban mota. Ba za su kashe fitilar motar ba, ɓarayi na iya kwance su in an ajiye mota a kasuwa, kuma sun fi dacewa da bawul na ƙarfe don nauyinsu yana gajiyar da na roba. Amma suna nuna iskar kowace taya kana cikin tafiya, batirinsu kuma kai da kanka za ka iya canza shi.